Lafiya Lau, In Ji Baba

Ku yi haƙuri da ni, 'yan uwa, in kun ga rubutun yau ya karkace. Da ido ɗaya nake yin sa, ɗayan ya kumbura ya rufe ruf, tabarau ɗina kuma yana cikin jaka gida biyu. Masu damuna da saƙo kullum kuna tambayar yaushe ne biki, ku gyara zama. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bari in gutsura masa.

Ni dai a shagon tabarau nake aiki. Ni ke ɗaure 'yan ƙusoshin nan, in miƙe abin da ya lanƙwashe, in daidaita wa mutum gilashi a kan hanci. A gida ni ce auta, ni kaɗai na rage ba aure, kuma Mama na tuna min da haka safe da yamma kamar shan magani. Ana nan sai ga wani dogo mai sanyin murya ya shigo shagonmu da karyayyen tabarau a cikin hankici, ya ce na mahaifinsa ne, tsohon ya kwanta a kai. Na gyara, ya karɓi lambata, sauran kun san yadda ake yi.

Shagon fanka da injin sanyaya ɗaki gare shi, amma a unguwarsu ba mai kiransa da sana'a. Ɗan Albarka suke ce masa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, mahaifin nasa, yayyensa mata duk suna aure a nesa, shi ya ɗauko tsohon ya ajiye a gidansa. Kullum da hoton da zai ɗora a waya: ga shi yana ba Baba shayi da cokali, ga shi yana yanke masa farce. Mama ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Allah ya ba kowa irin wannan ɗan. Auta, in kika bari ya suɓuce miki, ni da ke ne." Ba sai ta faɗa ba ma. Ina sonsa, kada wata ta zo ta ce min kwaɗayi ne. Ido Huɗu yake kirana, in ji kamar an naɗa min sarauta.

In na je gidan gaisuwa, a bakin ƙofar Baba nake durƙusawa, labule a sake.

"Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau."

"Ana samun sauƙi?"

"Lafiya lau."

Daga nan sai Ɗan Albarka ya ce ya isa haka, kada in gajiyar da shi. In tashi ina jin daɗi, surukina ya amsa min da bakinsa.

Abu ɗaya ne ya riƙa yi min ƙaiƙayi. Tabarau ɗin nan bai daina dawowa shago ba, kuma kullum wuri ɗaya yake karyewa, ƙafar hagu, daidai mahaɗa, ta lanƙwashe ciki. Wanda aka kwanta a kai bajewa yake yi, na ga irinsa ba adadi. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Wai Baban nan dambe yake yi cikin barci?" Ya yi dariya har da buga tebur, ni ma na taya shi.

Jiya da safe muka yi da shi za mu haɗu a wajen mai labule, mu zaɓi na falo. Na ɗauki hutun shago. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ɗinkin zare a wuya, wadda ya ce tana sa shi manta lissafi, na yafa mayafi ruwan madara, takalmi mai ɗan tudu. Mama na zaune tana tsince shinkafa ta bi ni da kallo.

"Ki ƙara turare. Kuma ki rage wannan bakin naki, ba kowane namiji ke son mace mai tambaya ba."

"To Mama."

Ina cikin mota saƙonsa ya shigo: "Ido Huɗu, ki jira ni a can, zan ɗan makara. Ina shirya Baba." Har da 'yar zuciya ja a ƙarshe. Na duba jaka, ga tabarau ɗin Baba da na gyara shekaranjiya na manta ban ba shi ba. Na ce bari in sauka a gidan, in ba tsohon abinsa da hannuna, mu wuce tare. Har murmushi nake ni kaɗai, wai zan yi masa ba-zata.

Ƙofar gidan a sakaye take. Falo tsaf kamar kullum, kujeru ruwan toka, ƙamshin turaren ɗaki, fanka na juyawa. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji wani sauti daga ɗakin Baba, irin na ana kakkaɓe katifa. Na ji shi kuma. Sannan na ji murya, wadda na rantse ban taɓa jin ta ba, ko da yake na san mai ita.

"Ban ce ka jira ni ba? Yanzu na canza zanin nan! Za ka sake?"

"Lafiya lau."

"Za ka sake, nake tambayarka!"

"Lafiya lau. Lafiya lau."

Wallahi, 'yan uwa, ban san lokacin da na yaye labulen ba.

Wari ne ya fara tarbata. Taga a rufe, an manne ta da kwali. Baba na ƙasa a kan leda, daga shi sai ɗan gajeren wando, ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje. Hannunsa mai lafiya an ɗaure shi da tsumma a ƙafar gado. Ɗan Albarka na tsaye a kansa cikin farar shaddar da zai fita da ni, ya naɗe hannun riga, ya ninka kebul ɗin dutsen guga gida biyu. A gaban idona ya shauɗa masa a baya. Fatar ta tashi, jini ya tsattsafo a kan tsofaffin tabo, wasu sun yi baƙi, wasu ko warkewa ba su yi ba. Tsohon ya buɗe baki iya ƙarfinsa, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, abin da ya fito shi ne, "Lafiya lau!"

A nan na gane. Ba amsa ba ce. Ciwon ya kwashe masa magana kaf, wannan kalmar kaɗai ya bar masa. Da ita yake kuka, da ita yake roƙo, da ita ya yi ta kirana ta bayan labule, ni kuma ina cewa madalla.

"Kai!" na daka masa tsawa. "Ubanka ne fa!"

Ya waiwayo. Na yi zaton zai ji kunya, ya yar da kebul ɗin. Ko kaɗan.

"Wa ya ce ki shigo?"

"Kwance shi."

"Fita ki jira ni a falo."

"Na ce ka kwance shi!"

Na durƙusa na kama ƙullin tsumman. Ya finciko ni da mayafi har allurar da na maƙale shi da ita ta karce min wuya, na juyo, ya ɗauke ni da mari da hannun dama. Wuta ta gilma min. Na ji tabarau ɗina ya tashi ya daki bango. Na lalubo shi a ƙasa, yatsuna suka bi ta kansa kamar yadda suka saba a shago: ƙafar hagu, daidai mahaɗa, ta lanƙwashe ciki.

Ya shaƙe ni ya haɗa da jikin ƙofa, numfashinsa a fuskata, ƙamshin turaren da ni na saya masa.

"Kin san me nake sha a gidan nan? Kashi da fitsari, dare da rana, ni kaɗai! Yayyena sai waya, sai addu'a. Ke da kika zo da janbaki za ki koya min?"

Idona ya fara rufewa. Hannuna ya faɗa kan filas ɗin shayi a kan durowa, wannan dai na cikin hotuna. Na ɗaga na kwaɗa masa a gefen kai. Murfin ya fice, ruwan zafi ya wanke masa kafaɗa, ya sake ni yana ihu. Na kwasa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya na bar masa. Har na kai titi ina jiyo muryar Baba a bayana, yana ta maimaita kalmarsa.

A gida na tarar da Gwaggo, yayar Abbanmu, ta zo ganin kayan ɗaki. Suna ganin fuskata Mama ta saki tiren shinkafa. Na faɗa musu komai, ina yi ina shessheƙa. Na ɗauka za su miƙe tsaye. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce,

"To ke me ya kai ki ɗakin surukinki?"

"Gwaggo, dukansa fa yake yi! Da kebul!"

"Jinya kika sani? Jinya tana sa mutum ya fita hayyacinsa. Tsakanin ɗa da uba ne, ba a shiga."

Mama na danna min ido da tsumma mai ɗumi. Ta ce a hankali, "Auta, an riga an sa rana, an gaya wa duniya. Ki rufa mana asiri. In kin shiga gidan sai ki riƙa taimaka masa, abin zai yi sauƙi."

Na kalle ta da idon da ya rage. Na san tana sona, na san tsoro ne ke magana da bakinta, amma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da ita ba.

Waya kuwa sai ƙara take. "Ido Huɗu, sharrin shaiɗan ne." "Ki yafe min, ban san na taɓa ki ba." "Na yi wa Baba wanka, ga shi nan yana shan iska." Ya turo hoto: tsohon cikin farar riga mai dogon hannu, an sa masa hula, an jingina shi da matashi. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Na tuna ranar da ruwa ya tare ni a shago ya zo da lema, ya jiƙe sharkaf don kada in jiƙe. Na yi kuka don shi, na yi don kaina. Sai na ƙara girman hoton, na ga hannun rigar an ja shi har ya rufe wuyan hannu, wurin da tsumma ya ci.

Akwai wata mata da ke zuwa shagonmu, na ajiye lambarta da sunan Hajiya Mai Jan Firam, saboda launin tabarau ɗinta. Ta taɓa gaya min aikinta, a ofishin da ke kare tsofaffi da masu naƙasa daga cin zarafi. Na shige banɗaki na murɗa famfo don kada a ji, na kira ta.

"Hajiya, ni ba 'yarsa ba ce, ba a ma ɗaura auren ba. Ina da bakin kawo ƙara?"

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

"To ya wadatar. Doka ba ta ce sai ɗan uwa ba, duk wanda ya gani. Kuma don ya haife shi ba a ba shi lasisin dukansa ba. Turo min kwatancen gidan, ki same mu a bakin layi."

Na ce wa Mama zan je kemis a duba min ido.

Da la'asar muka tsaya a ƙofarsa: Hajiya, da wata nas, da ɗan sanda guda, da ni cikin tsohon hijabin Mama da silifas. Ya buɗe da fara'a, an manna filasta a gefen kansa. Ya gaishe su har da rusunawa, ni ko kallo ban ishe shi ba. Maƙwabta suka fara taruwa, wata tsohuwa tana cewa, "Ɗan Albarka? Haba, ku dai sake duba adireshi."

Ɗakin ya canza kamar ba shi ba. An cire kwalin taga, an shimfiɗa sabon zanin gado, an fesa turare har yana hawa kai. Baba na jingine, idanunsa na yawo, ba ya gane kowa ba tabarau.

"Ku tambaye shi da kanku," in ji Ɗan Albarka, ya harɗe hannu. "Baba, ga baƙi. Suna so su ji ko akwai abin da ke damunka."

Hajiya ta sunkuya. "Baba, sannu. Akwai mai dukanka a gidan nan?"

"Lafiya lau."

"Ana ba ka abinci?"

"Lafiya lau."

Ɗan sandan ya sauke numfashi ya dubi ƙofa. Ɗan Albarka ya yi murmushin nan nasa na hoto. "Kun ji dai. Saɓani muka samu da yarinyar, ku dubi abin da ta yi min a kai. Shi ne take son ta ɓata min suna."

Na ce, "Hajiya, tambaye shi sunansa."

Ta dube ni ta saman jan firam ɗinta, ta juya. "Baba, yaya sunanka?"

"Lafiya lau."

"Wannan da ke tsaye, ɗanka ne ko 'yarka?"

"Lafiya lau."

Hajiya ta miƙe tsaye. "Malam, ka ba mu wuri. A ƙa'ida ba a ganawa da mutum a gaban wanda ake ƙara a kansa."

"Gidana ne!"

"Gidanka ne. Jikin kuma nasa ne. Fita."

Ɗan sandan ya raka shi falo. Nas ta ɗage rigar a hankali, sai da ta kau da kai ta yi salati. Ta shiga ɗaukar hoto, baya, cinya, wuyan hannu, da wani gyambo a ƙugu da kwanciya wuri ɗaya ta haifar. Ni kuma na tuna abin da ya kawo ni tun safe. Na ciro tabarau ɗinsa daga jaka, na goge da gefen hijabi, na saƙala masa. A bayan kunnen hagu akwai tsohon yanka, daidai inda ƙarfen ke zama.

Ya ƙifta ido. Ya kalli nas, ya kalli Hajiya, ya tsaya a kan kumburarren idona ya daɗe. Hajiya ta sa yatsunta cikin tafin hannunsa mai lafiya.

"Baba, bar bakin ya huta. In eh ne, ka matse. Ana dukanka?"

Ya matse har jijiyoyin hannunsa suka fito.

"Wannan yarinyar ce?"

Ya saki.

"Ɗanka ne?"

Bai matse nan da nan ba. Ya rufe ido, hawaye suka cika gilashin da na goge yanzu. Ubansa ne fa, 'yan uwa, ko a wannan halin yana jin nauyin ya tona shi. Can ya damƙe yatsun Hajiya, ya ƙi saki.

"Kana so mu tafi da kai asibiti?"

Ya ƙara matsewa.

Ashe Ɗan Albarka na jin komai. Ya bangaje ɗan sandan ya faɗo ɗakin, ya yi kaina. "Ke! Ke kika jawo min!" Ya damƙi hijabina, na ji ya yage tun daga wuya. Ya kai min naushi, na kauce, hannunsa ya sauka a madubin durowa, gilas ya tarwatse a kan sabon zanin gadon. Nas ta kife a kan Baba tana kare shi. Ɗan sandan ya shaƙo shi ta baya suka zube tare, ya murɗe masa hannu, ankwa ta yi ƙara. Yana ƙasa, kumatunsa a kan siminti, jini na zuba daga yatsunsa, yana zagina da kalmomin da ba zan rubuta a nan ba. Tsohuwar da ta ce a sake duba adireshi tana bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

Aka fito da Baba a keken guragu. Da hasken waje ya dake shi ya runtse ido, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar baƙo. Kafin a sa shi a mota Hajiya ta ja ni gefe.

"Yau zai kwana a asibiti, kuma za mu nemi alƙali ya hana ɗan kusantarsa kafin a zauna. Amma shi wancan beli za a ba shi, zai ce faɗuwa tsohon yake yi. Hoto na nuna ciwo, ba ya nuna hannun da ya yi shi. Matsin hannu kuma lauya zai ce rawar ciwo ce. Ke kaɗai kika gani. In kika janye, ina tsoron wata rana a mayar masa da shi ɗakin nan."

"Yaushe kuke buƙatata?"

"Gobe da safe ki zo ki ba da bayani."

Goben ce yau. Tun da sassafe saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba, ashe har an sake shi. Ba 'yar zuciya ja wannan karon. "Ki je kotun. A gaban alƙali a tambaye shi wa ya dake shi. Ni da ke mun san amsar da zai bayar."

Yanzu haka da nake muku rubutun nan, kawunnansa biyu na zaune a falonmu tare da Abba. Ina jiyo su ta bango, ana ta a yi haƙuri, a kashe maganar a cikin gida, ba a fasa komai ba. Gwaggo na taya su. Ƙofar fita ɗaya ce a gidanmu, kuma ta falon take.

Ɗazu Mama ta turo ƙofa da kofin shayi, idanunta sun yi ja, da alama ita ma ba ta runtsa ba. Ta ajiye a gefen gado, ta ƙi kallon fuskata.

"Auta, kin tashi lafiya?"

Bakina har ya buɗe da kansa, kalmar ta taho kan harshe kamar yadda ta saba tun ina yarinya. Na haɗiye ta.

"A'a, Mama. Ban tashi lafiya ba."

Ta ɗago a razane, kamar na yi saɓo. Muka kalli juna. Na ɗauki jakata, da karyayyen tabarau ɗina a ciki, na ce ta miƙo min mayafina da ke rataye a bayan ƙofa, inda take tsaye.

Hannunta na kan mayafin. Har yanzu ba ta miƙo ba, ba ta kuma saki ba.